Amsar tambayar Goggo kan gidan tsofaffi

Goggo, ina gaisuwa. Kun ce labari ya iso muku wai a Amurka jibge tsofaffi ake yi a wani gida a manta da su, kuma 'yarku wankan tsofaffin Turawa take yi a biya ta. Na biyun gaskiya ne, ba na kuma jin kunyarsa.

Mu Hausawan Bronx da ke birnin New York, na Kumasi da na Yamai da mu na Kano, da wuya a ga wanda ya kai mahaifiyarsa can. Abin gori ne har a masallaci. Ko dai a riƙe ta a ɗaki, ko ita da kanta ta ce a mayar da ita gida, ƙasarta ta rufe ta. Amma in ɓarin jiki ya shanye, ɗa na kwana yana tuƙin tasi, suruka na wurin aiki, gidan kuma hawa na biyar ne, wanda ya kai tasa ni ba na ganin laifinsa.

Aikin ma ba da ka ake shiga ba. A 1987, zamanin Shugaba Reagan, bayan an bankaɗo yadda ake ɗaure tsofaffi a gado ana ɗirka musu maganin barci, aka yi doka cewa mai kula da su sai ta samu horon awa 75, aƙalla 16 a aikace, ta ci jarrabawa. Jiharmu ta New York ta ce awa 100. Gidan da ya ɗauke ta aiki kuma ba shi da ikon karɓar ko sisi na kuɗin horon, wanda ya buɗe wa matanmu da yawa ƙofa. Ni dai na raina awa 100 ɗin, tunda mai kitso a jihar nan awa 300 ake nema a wurinta kafin lasisi.

Duk da haka, ranar da aka koya mana juya majinyaci duk bayan awa biyu, a sa masa matashi tsakanin gwiwoyi, sai da na yi hawaye. Gyambon da ya ci bayan Kaka, wanda muka yi ta wanke wa allo, kwanciya ce a gefe ɗaya.

Don Allah, Goggo, a riƙa juya Baffa. In za a ba shi kunu a tashe shi zaune, a dama da kauri kada ya ƙware, a kuma duba dugadugansa kullum in ana masa alwala.