Tsohon tankin fetur: rana ba ta kashe gubar dalma

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Garwa, na sayi tankin fetur da aka tono daga wani gidan mai da ya daɗe a rufe, gindinsa duk baƙin taɓo. Yaron shagona da ya shiga ya kwashe, kwana huɗu ke nan baya barci, sai firgita da sambatu. An ce in shanya tankin a rana wata guda gubar za ta mutu har in ajiye ruwa ciki. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yaron nan asibiti yau ɗin nan, ka gaya musu inda ya shiga, a auna dalma a jininsa, kar a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi.

Fetur ɗin da, kafin ƙasashenmu su daina shi a 2006, ana zuba masa tetra'etil na dalma, wato wani sinadari na dalma haɗe da kabon, kuma yana maƙalewa cikin taɓon tanki shekara da shekaru, ta fata ma yake shiga, ba sai an sha ba.

Maganar shanyawa kuwa wallahi na gaji da jinta. E, haɗin dalma da kabon ba shi da ƙarfi, zafi da haske suna tsinka shi, shi ya sa ma yake aiki a inji. Amma in ya tsinke me yake zama? Tetra'etil ɗin hannu huɗu na kabon gare shi manne da dalmar, in ɗaya ya cire sai ya koma tiri'etil mai hannu uku, shi ne dai abin da hanta take mai da shi wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, ga shi yana narkewa a ruwa alhali na farkon baya narkewa, to kai kuma ruwan sha zaka zuba a kai! Ko duka huɗun sun cire dalmar na nan, ba rana ba wuta da ke cinye ta, in ka ƙona ma ƙura take zama ta sauka tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Wari ne kawai ke tafiya, masu ce maka ta mutu da hanci suka auna. Ka tuna Zamfara 2010, yara sama da 400 ƙurar dalma ta kashe.

Madara da ake ɗura wa mutum ba ta fitar da komai. Don Allah Malam ka ji tsoron Allah kan yaran mutane, kar ka sa wuta a tankin nan, zai iya fashewa, kar a zubar da taɓon a kwata, kayan da yaron ya sa kuma kar su shiga wankin gida.