Amsa: Ziyarar ramin tagulla na Chuquicamata

Malam, ka tambaya ko akwai abin kallo a Chuquicamata. Akwai shi kuwa. Daga garin Calama ake tashi, cikin hamadar Atacama a arewacin Chile. Kamfanin Codelco ke da ma'adinan, sai ka tuntuɓe su tun da wuri ka ji ko suna karɓar masu ziyara a yanzu, don ba a shiga kai tsaye.

Tun 1915 ake haƙa, ramin ya haura kilomita 4 a tsawo. Daga bakinsa, manyan motocin kwasar dutse sai ka ga kamar tururuwa. Amma ni tsohon garin ma'aikata ya fi taɓa ni: an kwashe mutanensa zuwa Calama saboda ƙura, gidaje na nan a rufe.

Sa rufaffen takalmi da dogon wando, ka riƙe ruwa. Wurin na kan tudu sosai, numfashi kan yi nauyi.