Ko ƙaramar kwamfuta za ta iya maye gurbin tsohuwa?

Ɗana, ka tambaye ni ko ƙaramar kwamfutar nan ta tebur, wadda girmanta bai wuce littafi mai kauri ba, za ta iya maye gurbin tsohuwar da mai shagon buga takardu ya kawo mana. Sau da yawa za ta iya, amma kafin ka ba shi shawara sai ka juya tsohuwar ka dubi bayanta, domin a nan ne amsar take.

Duba abin da aka jona mata. Idan allonsa mai tsohon majonin VGA ne, yawancin sabbin ƙananan nan majonin HDMI ko DisplayPort kawai suke da shi, sai an saya masa adafta. Wannan mai sauƙi ne. Babbar matsala ita ce tsohuwar firinta ko sikana wadda kamfaninta ya daina fitar mata da manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wato direba, domin Windows 11 sigar 64-bit kaɗai take zuwa da ita, kuma na'urar da direbanta na 32-bit ne ba za ta yi aiki a kanta ba, komai ƙarfin sabuwar. Mutumin da firintar nan ce abincinsa, idan ka sa ya sayi abin da ba ya magana da ita, ka tsayar masa da sana'a. Haka kuma ka tambaye shi ko yana amfani da faifan DVD, ko akwai wani kati da aka soka a cikin bod, domin yawancin ƙananan ba su da gurbin ko ɗaya.

Idan wannan ya wuce lafiya, to akwai dalilai masu ƙarfi na canzawa. Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ga kowa tun 14 ga Oktoba 2025, sannan Windows 11 tana bukatar TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, abin da tsohuwarsa ba ta da shi. Ga kuma batun wuta, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwar tana iya jan wat 100 ko fiye idan tana aiki, alhali ƙarama mai furosesar N100, wadda Intel ta fitar a 2023, wat kaɗan take sha, don haka mai sola ko inbata zai ga baturinsa ya kai shi dare. Rubutu da lissafi da shiga intanet duk tana ɗaukarsu cikin sauƙi. Amma idan yana zana manyan fastoci da CorelDRAW ko yana tace bidiyo, N100 ta yi masa kaɗan, gara ya nemi mai Core i5 ko Ryzen 5 da RAM 16GB.

Abin da nake so ka riƙe a matsayinka na mai gyara shi ne abin da zai faru bayan shekara biyu. Buɗe ta kafin a biya kuɗi. Idan RAM ɗinta na cirewa ne kuma SSD ɗin, wato ma'ajiyar bayanai, na M.2 ne mai cirewa, za ka iya ƙara masa ko ka canza. Wasu kuwa, irin su sabbin Mac mini na kamfanin Apple, an liƙe RAM ɗinsu a jiki, abin da aka saya shi ke nan. Fankarta ƙarama ce, ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri, don haka sai a riƙa hure ta a kai a kai, kada kuma a ajiye ta cikin durowa. Yawanci cajarta tana waje, kuma idan wuta ta ƙona ta, dole ka dubi boltin da aka rubuta a jiki, ko 12 ko 19, kafin ka saka wata.

Ranar da za ku canza, ka kwashe masa takardunsa duka, ka gwada firintar a gabansa da aikin gaske, sannan ka ce ya ajiye tsohuwar na wata guda kafin ya sayar da ita.