Yara na yi wa kakarsu dariya saboda mantuwa

'Yar'uwa, kin ce yaranki na yi wa kakarsu dariya tun da ta fara manta sunayensu, kina neman yadda za ki gyara musu. Ki zaunar da su ki faɗa musu gaskiya: gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba ganganci ba ne, ba kuma maita ba ce kamar yadda wasu ke laƙaba wa tsofaffi. Sannan ki ba kowa aikinsa. Ƙaramin ya riƙa kai mata buta lokacin alwala, babbar ta yanke mata farce, ta zauna da ita har ta gama cin tuwo.

Wasan jika da kaka kuwa kada ki hana, yana sanyaya mata rai. Iyakarsa za ki nuna musu: in ta maimaita tambaya, a sake amsa mata, ban da "ai kin tambaya ɗazu". A gidanmu na lura daga bakin uwa yara ke ɗaukar yadda ake yi wa tsohuwa magana. Amma in ruɗewar ta zo mata kwatsam, ku kai ta asibiti, don ciwon mafitsara ko faɗuwar suga na jawo haka.