Ba da hujja aka dasa miki tsoron ba, shi ya sa hujja ba ta cire shi

'Yar'uwa, kin ce hankalinki ya san neman ƙarin albashi ba laifi ba ne, kuma mutumin da launin fatarsa ya bambanta da naki bai yi miki komai ba, amma duk da haka gabanki na faɗuwa. Kin tambaya daga ina wannan ya fito, kuma ko yana fita.

Yawancin abin da muka yarda da shi kan kuɗi da iyali da launin fatar mutane ba zaunar da mu aka yi aka koya mana ba. A fuskar manya muka karanta shi. A 1985 an yi wani gwaji da jarirai 'yan shekara ɗaya. Aka ɗora su kan tebur mai gilashi da ya yi kama da rami, uwa na tsaye a ɗaya gefen. Da iyayen suka yi fuskar tsoro, ko jariri ɗaya bai tsallaka ba. Da suka yi murmushi, kusan uku cikin huɗu suka rarrafa suka wuce. Ramin bai canja ba, fuskar uwa ce ta canja. To haka yaro ke lura da yadda murya ke sauka in an zo maganar bashi, da yadda ake damƙe hannunsa in wani irin mutum ya zo wucewa. Ba a furta kalma ba, amma karatu ya shiga.

Wata mai binciken halayya, Susan Mineka, ta ga irin wannan a birai. Waɗanda aka haifa a ɗakin bincike ba sa tsoron maciji, sai sun ga wani biri ya firgita da shi. Amma da aka nuna musu biri kamar yana tsoron fure, ba su ɗauka ba. Wato al'umma ba ta ƙirƙiro tsoro daga babu, kan abin da zuciya ta riga ta karkata gare shi take ɗorawa, kamar baƙon da ba a sani ba, ko talauci, ko a ware mutum daga dangi.

Na ƙarshen nan shi ne makamin da ya fi kaifi, kuma da shi ake riƙe ƙa'idojin iyali. A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya sa mutane su gwada tsawon layuka, abin da ido ke gani ƙarara, alhali sauran da ke ɗakin an shirya da su su faɗi amsar ƙarya. Kusan uku cikin huɗu suka bi jama'a aƙalla sau ɗaya. Da aka samu mutum guda ya faɗi gaskiya, bin ya ragu sosai. Riƙe wannan, za ki buƙace shi.

Batun launin fata kuwa saurinsa ne abin mamaki. A 1968 malama Jane Elliott a jihar Iowa ta Amurka ta raba 'yan ajinta gida biyu bisa launin ido, ta ce wani ɓangare ya fi wani. Kafin a tashi makaranta abokai sun fara yi wa juna gori. Alhali tun 1972 masanin ƙwayoyin halitta Richard Lewontin ya lissafa cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin halittar ɗan Adam yana cikin kowace al'umma ce, ba tsakaninta da wata ba.

Yanzu abin yi. Ɗauki mako biyu kina rubuta duk jimlar da ta zo miki da “dole ne”, ko “ba a yin haka”, ko “ai duk haka suke”. A gaban kowace ki rubuta muryar wa kike ji tana faɗa, da abin da ya taɓa samun mai muryar. Wanda ya yi asarar dukiya yakan bar wa 'ya'yansa dokar kada a taɓa kasada, dokar da ta dace da zamaninsa, ba lallai da naki ba. Wasu kuma za ki iske daidai suke, ki bar su yadda suke. Ba duk abin gado ne shirme ba.

Waɗanda kike shakka a kansu, ki ba kowace maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda take tsorata ki, ki fara da mai 30 ko 40. Kafin ki gwada, rubuta abin da kike zaton zai faru dalla-dalla, misali: “Idan na tambayi yadda ake tsara albashin wannan aiki, za a ɗaure min fuska a daina kula ni.” Yi, ki dawo ki gwada da abin da ya faru. Ki maimaita a ranaku daban da mutane daban, don sau ɗaya zuciya za ta ce sa'a ce.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne janyewa daidai lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa. Sauƙin da mutum ke ji bayan ya gudu shi ke ciyar da tsoron, domin ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa gudun ne ya cece shi. Haka nan rubuta zaton tun farko ba ado ba ne. In ba a rubuta ba, daga baya sai mutum ya ce ai dama bai yi tsammanin wani abu ba.

Kan mutanen wani launin fata akwai wani tarko. Sai ki haɗu da mutumin kirki daga cikinsu ki ce “shi dai daban ne”, hukuncin ya zauna daram. Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya nuna a 1954 cewa haɗuwa kawai ba ta wadatar. Tana aiki ne in matsayi ɗaya kuke, kuna aiki tare kan buri guda, ba ɗaya na yi wa ɗaya hidima ba.

Kada ki kai wa iyaye wannan a matsayin muhawara, za su ji kamar kina tuhumar rayuwarsu ne. Nemi mutum ɗaya da zai tsaya tare da ke, kamar na ɗakin Asch. In kuma tsoron ya samo asali ne daga cin zarafi, ko yana hana ki barci da aiki, kada ki yi gwajin ke kaɗai, ki je wurin likitan halayyar ɗan Adam ya tsara miki matakan.