Amsa kan zanen katunan alƙalai a tseren tafiya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya turo zanen nan mai sanduna na yawan jan katin da kowane alƙali ya bayar a tseren tafiya (gasar tafiya da sauri ba tare da gudu ba), kana tambaya ko alƙalin da ya fi kowa ba da jan kati shi ne mai son zuciya. Ni a ganina abin da kake son sani shi ne ko ma'auni ɗaya alƙalan suke aiki da shi, kuma ƙirgen kati kaɗai ba zai nuna maka hakan ba.

Kun dai san laifin biyu ne: ƙafafu biyu su bar ƙasa har ido ya gani, ko gwiwar ƙafar gaba ta lanƙwashe. Kowane alƙali jan kati ɗaya yake iya ba ɗan tsere guda, sai uku sun taru daga alƙalai daban-daban a fitar da shi. A'a, bari in gyara, inda ake da wurin tsayar da ɗan tsere don hukunci, kati na uku zaman minti 2 ne a tseren kilomita 20, na huɗu ne yake fitar da mutum.

Abin da ya kamata a zana jadawali ne, 'yan tsere a gefe, alƙalai a sama, kowane gurbi da launinsa gwargwadon gargaɗi ne ko jan kati, sannan a ɗora lokacin da aka rubuta shi, tunda takardar alƙalai tana ɗauke da lokutan. Alƙalin da aka ajiye a gangara ko wurin juyawa ba mamaki ya fi sauran ganin laifi, saboda haka yawan katinsa ba hujja ba ce. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne wanda katunansa suke faɗawa kan mutanen da babu wani alƙali da ya ko ɗaga musu allon gargaɗi.

Maganar lokacin ba da katin nan ce ta fi damuna, kuma har yau Olamfik ɗin Sidni na 2000 yana ci mini rai. Bernardo Segura na Meziko ya riga kowa ƙetare layi a kilomita 20, yana kan waya shugaban ƙasarsa yana taya shi murna aka zo aka ce an fitar da shi, zinare ya koma hannun Robert Korzeniowski. Jane Saville ta Ostareliya kuwa tana kan gaba a tseren mata, tana dab da shiga filin wasa a ƙasarta, aka ɗaga mata jan allo, alamar an fitar da ita. Ka jera katunan Segura da Saville a kan layin lokaci, ka raba lokacin da alƙali ya rubuta da lokacin da aka sanar da ɗan tsere, sannan ka sake turo mana mu duba.