Kun Tambaya, Mun Amsa: Me Ya Sa Garmahona Ba Ya Ɗaga Murya?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan garmaho suke, kuma na ji daɗin haka ƙwarai, domin alama ce cewa faya-fayan da iyayenmu suka adana a cikin akwatuna sun fara fitowa fili. Na zaɓi guda huɗu waɗanda damuwarsu ta taru a kan abu ɗaya, wato yadda ake daidaita kan da ke riƙe da allura da na'urar da ke ƙarfafa sautinsa.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Assalamu alaikum. Na gaji garmaho da faya-fayai wajen 60 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na jona shi da amfilifayata ta ramin da aka rubuta AUX, amma sai na ƙure murya kafin in ji wani abu, kuma abin da ke fitowa siriri ne kamar daga cikin gwangwani. Allurar ce ta mutu, ko faya-fayan ne suka lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Bisa ga yadda ka bayyana, ina kyautata zaton allurarka da faya-fayanka lafiyarsu ƙalau, akwai dai wata na'ura da ya kamata ta shiga tsakanin garmahon da amfilifayar, kuma ba ta nan. A jikin kwalinta za ka ga an rubuta Phono Preamp, mu kuwa a nan za mu kira ta ƙaramar amfilifaya. Ayyuka biyu take yi, kuma matsalolin nan biyu da ka ambata kowacce daga rashin ɗaya daga cikinsu ta fito.

Aiki na farko shi ne ƙarfafawa. Kan allura ɗan ƙaramin janareta ne: allura tana bin tsagin faifai tana karkarwa, karkarwar tana motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, sai a sami lantarki. Amma lantarkin ƙanƙane ne matuƙa, yawanci milibolt 3 zuwa 5 (milibolt kashi ɗaya ne cikin 1,000 na bolt), alhali ramin AUX yana jiran milibolt ɗaruruwa, na'urar CD ma tana iya ba shi har bolt 2. Saboda haka dole a ninka abin da kan ya bayar kamar sau 100, abin da masana ke rubutawa da desibel 40, kafin babbar amfilifaya ta sami abin da za ta yi aiki a kai.

Aiki na biyu shi ne ya fi ban sha'awa, kuma shi ne dalilin siririn sautin da ka ji. Faifai ba ya ɗauke da waƙa yadda aka rera ta. Amo mai kauri, irin na ganga ko tambari, yana sa allurar yankan faifai ta yi lilo mai faɗi, wanda zai cinye fili har waƙar da ta kamata ta yi minti 20 a fuska ɗaya ta kasa shiga, kuma allurar mai saurare ta riƙa tsalle daga tsagi. Amo mai kaifi kuma, irin na sarewa, motsinsa ƙarami ne, har ƙarar gogayyar allura da faifai na iya binne shi. Dabarar da aka yi ita ce a rage kauri da gangan lokacin yankan faifai, a ƙara kaifi, sa'an nan a juya abin lokacin saurare. Da farko kowane kamfani yana da nasa ma'auni, sai a shekarar 1954 ƙungiyar masana'antar faifai ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da RIAA, ta tsayar da ma'auni ɗaya da duniya ta bi daga baya. A ƙarƙashinsa, sautin da ke kaɗawa sau 20 a daƙiƙa ana rage shi kusan ninki goma, mai kaɗawa sau 20,000 ana ɗaga shi kusan ninki goma, mai sau 1,000 kuma shi ne tsakiya. Abin da ka ji ta AUX ke nan: faifan yadda aka yanka shi, ba a mayar masa da kaurinsa ba. Murɗa maɓallin kauri na amfilifaya ba zai gyara shi daidai ba, domin lanƙwasar ma'aunin tana da wurare uku ƙayyadaddu, a kaɗawa 50 da 500 da 2,122 a daƙiƙa, waɗanda maɓallin bai san da su ba.

Kafin ka kashe kuɗi, duba bayan amfilifayarka ko akwai ramin da aka rubuta PHONO, domin kusan duk waɗanda aka ƙera a shekarun 1970 da 1980 suna da ƙaramar amfilifaya a cikinsu, kuma da yawansu masu kyau ne. Idan babu, ƙaramar akwati ta daban ta isa. Ga masu sabon garmaho kuma akwai gargaɗi: wasu, kamar Audio-Technica AT-LP120X, suna da tasu a ciki, da maɓalli a baya mai PHONO da LINE. Wanda ya sa maɓallin a LINE sa'an nan ya jona a ramin PHONO ya yi aikin sau biyu, zai ji sauti a fashe da kauri mai toshe kunne.

Tambaya daga wani mai karatu a Kaduna: Na sayi ƙaramar amfilifaya mai maɓallin MM da MC, kuma a ƙarƙashinta akwai ƙananan maɓallai da lambobi kamar 47k da 470 da 100. Kan da nake amfani da shi Audio-Technica AT-VM95E ne, amma wani abokina yana so ya sayar mini da Denon DL-103, ya ce ya fi shi nesa ba kusa ba. Yaya zan saita, kuma ko in saya?

Amsa: Malam, kawunan nan biyu daga gida biyu suka fito. Naka na yanzu MM ne, wato maganaɗisu ne ke motsi tare da allura, naɗin waya kuma yana tsaye, don haka ana iya yin naɗin da yawa, ya ba da milibolt 4. Na abokinka MC ne, wanda a cikinsa naɗin wayar ne ke motsi, kuma tilas ya zama ɗan kaɗan don kada ya yi wa allura nauyi, shi ya sa DL-103 ke ba da milibolt 0.3 kacal. Wannan yana buƙatar ninki wajen 1,000, wato desibel 60. Idan ka sa kan MC a saitin MM za ka ji murya can ƙasa, idan kuma ka sa kan MM a saitin MC sautin zai fashe duk inda aka buga da ƙarfi.

Lambobin da ke ƙarƙashi turjiyar da kan zai tarar ce a ƙofar ƙaramar amfilifaya, ana auna ta da om. Ga kan MM babu dogon tunani, ka bar shi a 47k, wato om 47,000, domin a kan wannan aka ƙera kusan dukkansu. Abin da ya fi damun kan MM wani abu ne da mutane ba su cika kula da shi ba, wato ƙarfin riƙe caji na wayar da ta taso daga garmaho, wanda ake aunawa da fikofarad. Dogon naɗin da ke cikin kan yana haɗuwa da wannan ya haifar da wani wuri da sauti ke kumbura. Ga misali da lissafi: kan da naɗinsa ya kai rabin henri (ma'aunin da ake auna naɗin waya da shi), idan ya tarar da fikofarad 200, kumburin yana faɗawa wajen kaɗawa 16,000 a daƙiƙa, inda kunnen yawancin manya ba ya kamawa sosai, idan kuwa ya tarar da 400, sai ya sauko wajen 11,000, inda za a ji harafin sin yana yanka kunne, abin da ke samansa kuma ya dushe. Kamfanin kanka ya ba da shawarar 100 zuwa 200 gaba ɗaya, kuma wayar haɗi ta yau da kullum tana da kusan 100 a kowace mita, ban da wadda ke cikin hannun garmaho. Don haka idan akwatinka yana da zaɓin fikofarad, ɗauki mafi ƙanƙanta, kuma kada ka ƙara tsawon waya don garmaho ya kai inda kake so. Ka matso da ƙaramar amfilifayar kusa da shi, doguwar wayar ta kasance daga ita zuwa babbar.

Ga kan MC abin ya juya: fikofarad ba ya damunsa sosai, turjiya ce abin lura. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ba shi kamar ninki goma na turjiyar cikinsa. Ta DL-103 om 40 ce, saboda haka 470 ya fi dacewa a cikin lambobinka, ko da yake 100 ma yana aiki, sai dai murya ta ɗan ragu. Wasu suna amfani da ƙaramar taransifoma mai ninka goma a gaban ramin MM, wadda take mayar da milibolt 0.3 ya zama 3, kuma take sa kan ya ga om 470 a maimakon 47,000. Akwai kuma MC masu ƙarfi, kamar DL-110 mai milibolt 1.6, waɗanda ake jonawa a saitin MM kai tsaye.

Game da saye kuwa, DL-103 kai ne mai daraja, tun shekarun 1960 ake ƙera shi, kuma asalinsa don gidajen rediyon Japan aka yi shi. Duk da haka ra'ayina shi ne ka dakata. Allurar kan MM ana zare ta da hannu a sa sabuwa cikin minti ɗaya, ta MC kuwa idan ta cinye ko yaro ya lanƙwasa ta, sai dai a aika da kan gaba ɗaya waje ko a sayi wani. Na abokinka kuma tsoho ne, ba ka san sa'o'in da allurarsa ta yi ba, kuma allurar da ta cinye tana sassaƙe faifai. Bugu da ƙari, duk ƙazantar da ke cikin wutar gidanka za a ninka ta sau 1,000 tare da waƙar. Da kuɗin, gara ka sayi allura mafi kyawun yanka daga jerin VM95, domin dukkansu suna shiga jikin kan da kake da shi.

Tambaya daga wata mai karatu a Kano: Ɗana ya aiko mini da garmaho daga Amurka. Mai gyaran rediyo ya haɗa mini taransifomar rage wuta, yana aiki, amma akwai gurnani a lasifika ko da faifai ba ya juyawa, kuma muryoyin mawaƙan sun yi nauyi kamar suna jan ƙafa.

Amsa: Hajiya, gurnanin yawanci daga wayar ƙasa yake. A duba bayan garmahon, akwai siririyar waya ta uku ban da jajaye da farare. A ɗaure ta a ƙusar da aka rubuta GND a jikin amfilifayar. Sa'an nan a nisantar da taransifomar nan daga garmahon da wayoyinsa, ko da mita ɗaya ne, domin kan allura yana ɗaukar filin maganaɗisunta kamar yadda yake ɗaukar waƙa. Idan ƙarar tana zuwa ne kawai lokacin da aka koma kan inbata, to inbatar ce ba ta ba da wuta mai santsi.

Jan ƙafar kuwa ba shi da alaƙa da ƙaramar amfilifaya. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu a Najeriya da Nijar sau 50, kuma taransifoma ƙarfin wuta kaɗai take ragewa, ba ta taɓa wannan ba. Garmahon da injin juya faifansa ke bin bugun wuta zai yi biyar bisa shida na saurinsa, wato faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti zai juya ƙasa da sau 28. Maganin shi ne a nemo ɗan gargaren da bel ke hawa wanda aka yi don wuta mai 50, na wannan samfurin daidai. Garmaho irin Technics SL-1200MK2, mai daidaita saurinsa da kansa, ba ya da wannan matsala.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: Muna da tsohuwar rediyo mai garmaho a samanta, da faya-fayai masu nauyi da aka rubuta 78 a jikinsu. Zan iya fitar da waya daga cikinta zuwa ramin PHONO don in naɗe waƙoƙin a kwamfuta?

Amsa: Malam, niyyarka kyakkyawa ce, domin faya-fayan nan suna fashewa kamar tangaran, kuma wasu waƙoƙin da ke cikinsu da wuya a same su a wani wuri. Amma kada ka jona ta a PHONO. Irin waɗannan rediyoyi galibi suna da kai na wani iri dabam, mai ƙanƙarar gishiri ko tangaran da ke ba da lantarki idan an matsa shi. Yana fitar da milibolt ɗaruruwa, wanda zai cika ramin PHONO ya fashe, kuma yana son turjiya mai yawa, wajen om miliyan 1, in ba haka ba kaurinsa ya ɓace. Masu ƙanƙarar gishiri kuma zafi da laima suna kashe su, don haka mai yiwuwa naku ya riga ya raunana.

Hanyar da ta fi ita ce garmaho na zamani mai saurin 78, wato juyi 78 a minti, da kan MM, da allura ta musamman. Tsagin faifan 78 ya fi na LP, wato faifan da ke juyi 33 da sulusi a minti, faɗi, bakin allurarsa kusan kashi 3 cikin 1,000 na inci ne, na LP kuwa 0.7, don haka allurar LP tana faɗawa ƙasan tsagi ta kwaso ƙura da ƙara. Ka kuma sani cewa yawancin faya-fayan 78 an yanka su kafin ma'aunin 1954, saboda haka ta ƙaramar amfilifaya ta yau za su fito da kauri fiye da kima, kaifinsu kuma a dushe. Ka naɗe su haka nan, ka ajiye wannan kwafi ba tare da taɓa shi ba, sa'an nan ka yi gyara a kan wani kwafin da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. Kafin ka ɗora kowane faifai, ka share ƙurar hunturu da burushi mai laushi, ka goge shi da tsumma mai ɗan danshin ruwa tsaftatacce, ka bari ya bushe sarai. Kada sifirit ya taɓa shi ko kaɗan, domin da ƙaron shalak aka yi faifan 78, kuma sifirit yana narkar da shi.